Yadda Ake Kamun Kifin Kirafi a Tafkunan Amurka, Daga Toho Zuwa Hunturu

Shekarata ta farko a Teksas na je tafki ya fi sau bakwai ina neman kifin da Amurkawa ke kira crappie, wanda bakinmu ya mai da shi kirafi. Da abin da na sani tun ina yaro a bakin gulbi na tafi: a soka tana a ƙugiya, a ɗaura dalma, a jefa ta nutse har ƙasa, a zauna jira. Tarwada kam na samu, amma kirafi ko ɗaya. Ranar da abin ya warware, wani dattijo ne a ƙarƙashin gada yake ta cika bokiti, tsakanina da shi bai fi taku goma ba. Na gaishe shi na tambaye shi sirrin. Ko kallon kotona bai yi ba. Zarena ya kama, ya zame totuwar da ke yawo a kan ruwa zuwa kusa da ƙugiya, ya ce in bar koton yana reto a tsakiyar ruwa. Kafin hantsi na kama tara.

Tun daga ranar na gane cewa kirafi ba ya barin tafki, mazauni kawai yake canzawa. Yau yana ruwan da bai kai gwiwa ba, bayan wata uku yana zurfin ƙafa ashirin. Wanda ya gano zurfin da yake ya gama rabin aiki, ko da kotonsa na arha ne.

Kifi ne mai faɗin jiki kamar karfasa, fari-fari da ɗigon baƙi, namansa fari tas. Iri biyu ne. Farin kirafi yana da ƙayoyi 5 ko 6 a gadon baya kuma yana jure ruwa mai laka; baƙin yana da 7 ko 8, ya fi son ruwa garai-garai. Yawancin wanda za ka kama bai wuce rabin kilo ba. Farin kirafi mafi girma da aka rubuta a tarihi an kama shi ne a madatsar ruwa ta Enid da ke jihar Misisifi a 1957, nauyinsa laba 5 da oza 3, wato kilo biyu da ɗan ɗori. Halaye uku nasa za ka riƙe: garke yake yi, yana son jingina da itace ko ginshiƙi, kuma sama yake kallo idan zai ci. Koton da ya wuce ƙarƙashinsa kamar babu shi ne.

Kayan aiki

- Sandar fatsa mara nauyi mai laushin kai, tsawon ƙafa 6 zuwa 7, da ƙaramin manaɗin zare. Idan da hali ka ƙara doguwa mai ƙafa 10 zuwa 12 don zura koto cikin rassa. Idan babu, doguwar gora da zare ɗaure a kanta tana aiki, kuma har gobe tsofaffin jihohin kudancin ƙasar Amurka da ita suke kamu.
- Zaren roba siriri mai ɗaukar laba 4 zuwa 6. Kada ka sayi mai kauri don tsoron tsinkewa. Yana hana ƙaramin koto nutsewa yadda ya kamata.
- Ƙugiya siririya mai dogon wuya, irin da ake kira Aberdeen, lamba 2 ko 4. Amfanin sirantarta shi ne idan ta maƙale a itace ka ja a hankali sai ta miƙe ta fito, ka lanƙwasa ta da filaya ka ci gaba.
- Jig, wato ƙugiya mai kan dalma da ake sa wa jikin roba ko gashi. Mai nauyin 1/16 na oza shi ne na yau da kullum. Ka haɗa da 1/32 don ruwa mara zurfi, da 1/8 don zurfi ko ranar iska.
- Totuwa. Haka nake kiranta saboda da totuwar kara muka saba, amma a nan ta roba ce ko ta itace mara nauyi. Ka nemi mai rami a tsakiya wadda zare ke zamewa a cikinta.
- Ƙananan dalma masu baki da ake matsewa a jikin zare.
- 'Yan kifaye masu rai na koto, masu tsawon inci ɗaya da rabi zuwa biyu, da bokitinsu mai injin hura iska.
- Ma'aunin zafin ruwa, abin awon tsawon kifi, ƙaramar koma mai hannu, da kula mai ƙanƙara.

Na'urar hango kifi a ƙarƙashin ruwa tana taimakawa ƙwarai, musamman sababbin da ke nuna kifi yana motsi a gabanka. Amma tsadarsu ba kaɗan ba ce, kuma ban ga dalilin da sabon shiga zai fara da ita ba.

1. Fara da lasisi da dokar tafkin

Kowace jiha da dokarta, wani lokaci ma kowane tafki. A Teksas duk wanda ya kai shekara 17 sai da lasisi, kuma na shekara yakan ƙare ne ranar 31 ga Agusta. Akwai sauƙi guda: idan a cikin gandun shaƙatawa na jiha kake kamu daga gaɓa, ba a neman lasisi. Ƙa'idar kirafi a yawancin ruwan jihar ita ce guda 25 a rana ga mutum ɗaya, kowanne kada ya gaza inci 10. Ana awon ne da bakin kifin a rufe, jelarsa a matse. Kada ka auna da ido; kifi mai inci tara da rabi ya sha yaudarar mutane, kuma jami'an gandun daji suna zagayawa.

2. Auna zafin ruwa kafin ka ɗaura komai

Kalanda tana ruɗi, ruwa ba ya ruɗi. Watan Maris na bana ba lallai ya yi daidai da na bara ba. Zura ma'auni kamar kamu ɗaya cikin ruwa, ka jira minti guda. A nan da ma'aunin Farenhait ake magana. Ƙasa da digiri 50, kifi yana zurfi, ba ya son wahala. Daga 55 ya fara matsowa gaɓa. Tsakanin 60 da 65, wato kusan 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyos, lokacin zuba ƙwai ne. Da ya haura 75 ya koma neman inuwa da zurfi.

3. Ɗaura ɗayan biyun nan

Ɗaurin totuwa: fara sa ɗan ƙullin tsayarwa a jikin zare, sai ɗan dutsen ado na roba, sai totuwa, sai dalma ɗaya ko biyu, sannan ƙugiya kamar taki ɗaya ƙasa da dalmar. Ƙullin nan shi ne ma'aunin zurfinka: ka zame shi sama koto ya ƙara nutsewa, ka zame shi ƙasa ya taso. Ɗan kifin koton kuwa ka soke shi ta leɓe daga ƙasa zuwa sama, ko ta gadon baya ba tare da ka taɓa ƙashin bayansa ba. Idan ka taɓa, ya mutu nan take, kuma kirafi ba ya damuwa da mushe.

Ɗaurin jig ya fi sauƙi. Ka ɗaura shi kai tsaye, ka tabbata yana kwance a ruwa kamar ɗan kifi mai iyo, ba a tsaye jela ƙasa ba. Bayan kowane kamu ka duba ƙullin, don yakan zame ya karkatar da koton. Batun launi mutane suna yawan gardama a kai. Ni dai abin da na gani shi ne ruwa mai laka yana son launi mai ɗaukar ido, kore mai haske da baƙi ko ruwan goro, ruwa mai kyau kuma yana son fari ko ruwan azurfa.

4. Nemo zurfin daga sama zuwa ƙasa

Kada ka fara daga ƙasa. Fara daga sama ka riƙa sauka ƙafa biyu-biyu, kana ba kowane mataki minti biyu ko uku. Idan jefawa kake yi, ƙirga da baki bayan koto ya faɗa ruwa. Jig mai 1/16 yana nutsewa kusan ƙafa ɗaya a daƙiƙa. Idan a ƙirga ta takwas aka ciza, to takwas ɗin za ka riƙa maimaitawa. Idan kuwa saukar da koto kake yi a miƙe daga gada ko kwale-kwale, ja zaren da hannu kamu-kamu kana ƙirgawa, ko ka shafa wa zaren alama da maka a daidai inda aka fara ci.

Cizon kirafi ba irin na tarwada ba ne. Wani lokaci ɗan ƙwanƙwasa ɗaya za ka ji, tik. Wani lokaci ba za ka ji komai ba, sai dai ka ga zare ya saki, ko totuwa ta kwanta a kan ruwa maimakon ta nutse. Wannan alama ce kifin ya taso daga ƙasa ya ɗaga koton sama. Sababbi da yawa suna zaune suna jiran totuwa ta nutse, kifi kuwa ya riga ya tofar ya tafi.

5. Lokacin toho: kusa da gaɓa

Toho, wato lokacin da itatuwa ke fitar da sabon ganye bayan sanyi, shi ne lokacin wanda ba shi da jirgin ruwa. A arewacin Teksas yakan faɗo tsakanin Maris da Afrilu, a Fulorida ya fi haka wuri, a jihohin arewa kamar Minisota kuwa sai Mayu ko farkon Yuni.

Abin yana zuwa ne daki-daki. Da farko garken yakan taru a bakin rafukan da ke shiga tafki, a zurfin ƙafa 8 zuwa 15, yana jiran ruwa ya yi ɗumi. A wannan matakin jefa jig ka jawo shi a hankali, ko ka sa ɗan kifi a ƙarƙashin totuwa kusa da itacen da ya nutse. Daga nan maza su fara shigowa ruwa mara zurfi su share gurbi. Za ka gane namiji da ganinsa: jikinsa ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa masa gawayi. Mata, waɗanda suka fi girma, suna nan baya kaɗan a ruwan da ya ɗan fi zurfi, suna shigowa su zuba ƙwai su koma. Don haka idan ƙananan maza kaɗai kake kamawa, jefa can nesa kaɗan da gaɓa, wajen zurfin ƙafa 5 ko 6.

Ina za ka nema? Kusurwoyin tafki da iska ba ta dukansu, musamman na ɓangaren arewa da rana ke haskawa yini guda, don su ne ke fara ɗumi. Nemi kututture, rassan da suka faɗa ruwa, ciyawar da ruwa ya haura kanta, da duwatsun da aka jera a jikin gada. A ruwa mai laka kifin yakan shigo har zurfin ƙafa ɗaya ko biyu, a ruwa garai kuma yakan tsaya ƙafa 6 zuwa 10.

Aikin doguwar sanda ke nan. Saki zare daidai tsawon sandar, ka riƙe shi da hannun hagu ka ja jig ɗin har bakin sanda, ka zura kan sandar cikin ɗan sararin da ke tsakanin rassa, sannan ka saki zaren koto ya sauka a miƙe. Riƙe shi cik. Kada ka yi ta girgiza shi. Rawar hannunka kaɗai ta isa. Ƙirga goma, in shiru ka fito da shi yadda ka shigar, ka koma rami na gaba. Kututture ɗaya yana da gefe huɗu, kuma sau da yawa kifin yana gefen inuwa kawai. Na sha zagaya itace ɗaya in samu uku a gefe guda, sauran gefen babu ko motsi.

Gargaɗi biyu. Taka a hankali, kada inuwarka ta faɗa kan inda kake kamu, don a ruwan gwiwa ƙarar takalmi ma tana watsa su. Sannan ka dubi inda kake sa ƙafa da hannu, saboda lokacin ne macizan ruwa ke fitowa shan rana a kan rassa, kuma a jihohin kudancin ƙasar akwai mai dafi a cikinsu. Ina kuma roƙon ka rage hannu a wannan lokacin. Namijin nan da ka cire shi ke gadin ƙwai. Doka ta ba ka 25, amma abin da gidanka zai ci ya isa.

6. Lokacin zafi: inuwa, zurfi, dare

Da an gama zuba ƙwai sai gaɓa ta mutu. Nan ne mutane da yawa ke naɗe kaya su ce kifi ya ƙare, alhali ya koma tarin itacen da ke ƙarƙashin ruwa ne da ginshiƙan gadoji, a zurfin ƙafa 12 zuwa 25. Hukumar kula da gandun daji da namun daji ta Teksas tana nutsar da irin wannan maɓoya a tafkuna da dama, kuma tana wallafa wurarensu a shafinta na intanet. Ɗauko lambobin ka sa a waya.

Abu ɗaya ya kamata ka fahimta a nan. A tsakiyar zafi ruwan tafki yana rabuwa hawa-hawa: na sama mai ɗumi, na can ƙasa mai sanyi amma ba shi da isasshiyar iskar shaƙa. Kirafi yana tsayawa ne daf da saman iyakar. Alama mai sauƙi ita ce idan ka saukar da ɗan kifi ka ɗago shi bayan minti kaɗan ka tarar ya mutu baki buɗe, ka wuce iyaka, ka rage zurfi.

Mai jirgi ya tsaya daidai saman tarin itacen ya saukar da koto a miƙe, ya tsayar da shi ƙafa ɗaya ko biyu sama da rassan. Fara da kifin da ke saman tarin. Idan ka fara zura koto can ciki ka maƙale, girgizar da za ka yi wajen cirewa za ta kori garken duka. Wasu suna jera dogayen sanduna a goshin jirgi su riƙa tafiya sannu-sannu kamar hawainiya, kowace sanda da zurfinta. Dabara ce mai kyau wajen neman garken da ya bazu, amma ka duba doka tukuna don wasu wurare sun ƙayyade yawan sanda.

Mara jirgi kuwa, dare ne nasa. Bayan sallar isha ka nemi gada ko dandamalin kamun kifi mai fitila, ko ka zura koriyar fitila ta cikin ruwa. Haske yana tara ƙananan halittun ruwa, su jawo 'yan kifaye, su kuma su jawo kirafi. Ba ya faruwa nan take, ka ba shi kamar awa guda. Kada ka sa koto a tsakiyar hasken. Manyan suna laɓe a bakin duhu, ƙasa kaɗan da inda 'yan kifayen ke zagaye. Ka kula da bokitin koto, zafi yana kashe su cikin ɗan lokaci. Jefa gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe a ciki, kada ka zuba ƙanƙarar kai tsaye saboda sinadarin ruwan famfo.

7. Kaka: bi abincinsa

Daga Oktoba ruwa ya fara hucewa, ƙananan kifayen da kirafi ke ci su shiga rafuka, shi kuma ya bi su zuwa zurfin ƙafa 8 zuwa 15. Inda ka ga ruwa yana ɓarɓashi da 'yan kifaye ko tsuntsaye suna shawagi, nan za ka tsaya. Yana ci sosai a wannan lokacin, don haka kana iya ƙara girman koto da ɗan sauri. Akwai 'yan kwanaki da ruwan sama da na ƙasa ke gaurayewa, tafki ya yi duhu har da ɗan wari. In ka tarar da haka, koma can saman rafi ko ka canza tafki.

8. Hunturu: a hankali, sannan a ƙara hankali

Garken yana cunkushewa wuri guda a zurfi, ƙafa 20 zuwa 35, a bakin tsohuwar hanyar kogi ko kusa da madatsa. Samunsa ne wahala, amma in ka samu ba sai ka motsa ba. Ƙaramin koto, a miƙe, a riƙe shi tsaye har rabin minti. Ba sai ka yi sammako ba, da rana tsaka ya fi ci.

Kifin da aka ɗago daga irin wannan zurfin jakar iskar cikinsa takan kumbura, ko an sake shi ba ya iya nutsewa. Shi ya sa a tafkin Fork da ke gabas da Dalas, daga 1 ga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu babu ƙa'idar tsawo, amma dole ka riƙe 25 ɗin farko da ka kama, manya ko ƙanana. Ko a inda babu wannan doka, in ka ga ƙanana kake ta ɗagowa daga zurfi, tashi daga wurin.

Wanda ba shi da jirgi ya nemi rumfunan kamun kifi da ke wasu tashoshin jiragen ruwa a Teksas da Okalahoma: ɗaki ne a kan ruwa, mai rami a tsakiya, wasu har da na'urar ɗumama ɗaki, ana biyan kuɗi kaɗan a shiga. A jihohin arewa inda tafki ke daskarewa, huda ƙanƙara ake yi a zura koto. Hukumomin Minisota suna cewa kada a taka sabuwar ƙanƙarar da kaurinta bai kai inci 4 ba, kuma kada ka je karon farko sai da ɗan gari. Duk wanda zai hau jirgi a sanyi ya sa rigar ceto a jikinsa, ba a ajiye ta ƙarƙashin kujera ba.

9. Ranar da yanayi ya juya

Jiya ka cika bokiti, da dare iskar sanyi ta ratso, yau gari ya waye tangaran kuma shiru. Kifin bai yi nisa ba. Ya ja baya zuwa zurfi na kusa, ya manne da itace. Rage girman koto, koma kan ɗan kifi mai rai, ka kai masa har bakin ƙofa. Idan ruwan sama ya dama tafki, matsa kusa da gaɓa ka sa koto yana gogar itace, don ba ya hangen nesa. Ranar lumshi yakan bazu ya taso sama, ranar rana ƙwal ya shige inuwa. Da ka ji tsawa kuwa, kwantar da sanda ka bar bakin ruwa.

10. Ɗagowa da gyarawa

Fatar bakin kirafi kamar takarda take. Idan ka fizge da ƙarfi irin na tarwada, leɓe za ka yage. Ɗaga kan sanda kawai da wuyan hannu, ka bar zaren a miƙe, kada ka ba shi sako-sako ko na daƙiƙa. Babba kuma kada ka ɗaga shi sama da zare, tara masa koma. Mafi girman da na taɓa gani a bakin zarena a nan ya kuɓuce, a daidai saman ruwa, don na bar komar a mota.

Wanda za ka ci, sa shi cikin ƙanƙara nan da nan, naman yana saurin laushi a zafi. Ragowar 'yan kifayen koto kada ka juye su a tafki, kuma mai jirgi ya tsiyaye duk ruwan cikinsa kafin ya bar wurin, doka ce a Teksas. A gida Amurkawa suna yanke tsokar gefe biyu su birkiɗa a garin masara su soya. Ni na fi son in kankare ɓawon, in fede shi, in tsaga jikinsa sau uku a kowane gefe, in shafa gishiri da citta da tafarnuwa da lemun tsami, ya huta rabin awa, sannan a soya shi ɗungurungum a mai mai zafi har jelar ta yi ƙaras-ƙaras, a barbaɗa yaji tun yana tururi.